Daga Sokode zuwa Dapaong, a Sawun Tsohon Kofin Afirka

Motar da ta ɗauko mu daga Lome ta kama hanyar arewa tun da jijjifi. Togo ƙasa ce siririya mai tsawo, kuma babbar hanya ɗaya ce ta ratsa ta daga bakin teku har iyakar Burkina Faso. Duk mai zuwa Sokode ko Kara ko Dapaong ita zai bi, tare da tireloli masu jigilar kaya daga tashar jiragen ruwa ta Lome zuwa Wagadugu da Yamai. Gab da Atakpame, a wani gari da ake kira Glei, mutumin da ke zaune kusa da ni ya taɓa ni ya nuna waje. Da 'yar Hausarsa ta kasuwa ya gaya mini cewa a wannan yanki ne, cikin watan Nuwamba na 2011, motar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Etoile Filante ta Lome ta yi haɗari ta kama da wuta, mutum 6 suka rasa rayukansu. Sokode za su, su buga da Semassi. Na ce Allah ya kiyaye gaba. A lokacin ban san ko ɗaya daga cikin ƙungiyoyin nan biyu ba, amma kafin in bar ƙasar babu sunayen da suka cika mini kunne kamarsu.

Tsakanin Lome da Sokode kusan kilomita 340 ne. Mun shiga garin agogona na cewa la'asar ta yi, masallatai kuwa shiru. Ina tsaye a tasha ina waige-waige, sai wani yaron mota ya ce, "Alhaji, agogon Najeriya ne a hannunka." Ashe Togo tana bayanmu da awa guda. Da lokacin ya cika, sai kiran salla ya tashi ta ko'ina, wannan hasumiya na amsa wa waccan, har na rasa wanda zan nufa. Wallahi ban zaci haka a Togo ba. Abin da muke ji game da ƙasar a gida bai wuce Lome da atamfa da motoci na hannu ba. Sai ga ni a gari na Musulmi, dattawa da manyan riguna da huluna, mata da mayafai, yara suna dawowa daga makarantar allo. Ba don allunan shaguna da aka rubuta da Faransanci ba, da sai in rantse a wata unguwa ta Zariya nake.

Masu garin su ne Tem, waɗanda aka fi sani da Kotokoli. Harshensu daban ne, ban tsinci ko kalma ɗaya a ciki ba, amma a kasuwa da tasha da Zango Hausa na biyan bukata. Dalilin tsoho ne. Ta wannan ƙasa ayarin fatake ke bi in za su Gwanja sayen goro: su taso daga Kano, su ratsa Borgu, su biyo ta Jugu, su wuce nan zuwa Salaga, jakunansu ɗauke da kanwa da baƙin rini da jar fata. Wasu sun yada zango ba su ƙara gaba ba, suka yi aure suka hayayyafa. A gidan jikan irin waɗannan mutane na sauka, wani dattijo da bai taɓa taka Kano ba amma yana kawo sunayen ƙofofinta ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya ji a bakin kakansa. Da dare aka kawo sakwara, da miya mai ɗauke da wani cuku na Fulani da suke kira wagasi. Bayansa ja ne saboda karan dafi da ake dafa shi da shi, cikinsa fari fat, an yanka shi ƙanana an soya. Ba ya narkewa a miya, sai dai ya sha ta, in ka tauna ka ji shi da ɗan ƙarfi kamar tsokar kaza. Na ci na ƙara.

Bayan isha'i maigidana ya ja ni zuwa majalisarsu, wajen wani mai shayi a bakin titi. Dattawa ne zalla a kan bencina biyu, ga dogon burodin nan irin na ƙasashen Faransa jingine a cikin kwando. Da aka ce baƙo ne daga Najeriya, sai wani mai farin gemu ya ajiye kofinsa ya ce, "To, ɗana, ku ne kuka fitar da mu."

Na ce, "Baba, daga ina muka fitar da ku?"

Sai majalisa ta kaure. Wannan na magana da Tem, wancan da Faransanci, maigidana na ƙoƙarin mayar mini da Hausa, ni kuwa na rasa gaba na rasa baya. Da ƙura ta lafa na fahimci zancen. A 1984 Semassi, ƙungiyar garin nan, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun kulob-kulob na Afirka, kuma Shooting Stars ta Ibadan ce ta tare mata hanya. Na riƙe baki. Gaba ɗaya mutanen Sokode ba su kai na ƙaramar hukuma ɗaya a cikin birnin Kano ba. A ce ƙungiyar irin wannan gari ta shiga cikin huɗun ƙarshe a duk nahiyar Afirka, a shekarar da sauran ukun su ne Zamalek ta Alkahira da Tizi Ouzou ta Aljeriya da Shooting Stars! Mu a Kano sai a 2009 muka ga irin wannan rana, lokacin da Pillars ta yi waje da Al Ahly ta kai wasan kusa da na ƙarshe, Heartland ta fitar da ita. Mutanen nan sun riga mu da shekara 25.

Mai farin gemun bai yarda a fara labarin daga 1984 ba. Ya ce wanda bai san tushen kofin ba ba zai san nauyin abin da Semassi ta yi ba. Haka ya ɗauko shi tun daga farko, sauran na gyara masa in ya tsallake wani abu, kuma abin da na ji a daren ya yi daidai da abin da tarihin gasar ya adana.

An fara ta ne a 1964, ƙasashen Afirka da yawa ba su daɗe da samun 'yancin kai ba. Kofin ma sunan Kwame Nkrumah aka sa masa. Ƙungiyoyi huɗu suka rage aka tara su a Ghana: Oryx ta Duwala a Kamaru, Stade Malien ta Bamako, Real Republicans ta masu masauki, da ƙungiyar wata masaƙar auduga daga Habasha. A watan Fabrairun 1965, a Accra, Oryx ta doke Stade Malien da ci 2 da 1 ta zama zakara ta farko. Sai 1966, Stade ta Abijan ta ɗauka. A 1967 aka yi abin da har yau mutanen Kumasi ba su huce ba: Asante Kotoko da Englebert suka yi kunnen doki gida da waje, 1 da 1 sannan 2 da 2, aka sa wasa na uku, Kotoko ba ta halarta ba, aka miƙa wa Englebert kofi.

Nan na sake ruɗewa. Tun ina yaro nake bin ƙwallon Afirka a rediyo, amma wannan Englebert da suke ambata da girmamawa ban san ta ba. Wace ƙasa? Ta mutu ne? Sai wani ya ce ai ita ce Mazembe ta Lubumbashi, a da tana amsa sunan kamfanin taya da ke ɗaukar nauyinta. Sai komai ya faɗa wurinsa.

Kakar 1968 ita ce ta Togo, kuma a nan muryar dattijon ta canja. Etoile Filante, wadda aka nuna mini wurin haɗarinta a hanya, ta ratsa zagaye bayan zagaye har ta kai wasan ƙarshe, ta tarar da Englebert mai riƙe da kofi. A wasan farko a Kwango aka lallasa ta ci 5 da nema. Kowa ya ce magana ta ƙare, zuwa Lome cika ƙa'ida ne kawai. Sai 'yan Togo suka zura wa zakarun Afirka ƙwallo 4, su kuma suka samu 1. Jumulla 6 da 4, kofi ya sake komawa Lubumbashi. Dattijon ya ɗaga yatsu huɗu ya riƙe su a sama, ya juya su ga kowa a majalisar, kamar yau aka ci. Ya ce a akwatin rediyo suka ji, su wajen talatin a kan guda ɗaya, ana ci ana sheƙawa a guje a gaya wa na cikin gida. Har gobe babu wata ƙungiyar Togo da ta sake kai wasan ƙarshe na wannan kofi. Abin da ya burge ni shi ne mutumin arewa ne ke ba da labarin ƙungiyar kudu, abokiyar hamayyar tasu, yana ba da shi da alfahari kamar na gidansu. Ya kuma ambaci wani gwanin Etoile Filante, Edmond Apeti, da ake wa laƙabi da Dokta Kaolo, wanda ya rasu a 1972, shekarar da Togo ta fara zuwa gasar cin kofin ƙasashen Afirka. Da aka ambaci sunansa sai da kowa ya girgiza kai.

Washegari da hantsi na ga dawakai. Ina tafe a wata unguwa sai ga samari biyu a kan angarmu, an yi musu ado da jalala da tunjimi, suna sukuwa a wani fili. Suna zuwa gab da jama'a sai su ja linzami doki ya tsaya cak ya ɗaga ƙafafun gaba, daidai yadda ake jafi a ƙofar gidan sarki ranar hawan Daushe. Aka ce mini ai daga mayaƙan doki na masarautar Tchaoudjo ƙungiyar Semassi ta samo sunanta, kuma har yanzu ana tunawa da su a bikin Adossa, inda maza ke gwada wuƙa a jikinsu ba ta kama su. 'Yan tauri ke nan, ba ko tantama. Na yi ta mamakin yadda na yi doguwar tafiya irin wannan na zo na tarar da hawan sallarmu da 'yan taurinmu a bakin wasu mutane masu wani harshe.

Da yamma na hau ɗan acaɓa, wanda a nan ake kira zemijan, zuwa filin wasa na gari. Ba wani ƙaton fili ba ne, filin Sani Abacha na Ƙofar Mata ya ninka shi. Atisaye kawai ake yi, ba wasa ba, amma mutane sun zo kallo, har da tsofaffi da suka jingine kekunansu a jikin katanga suna kiran 'yan wasa da sunayen iyayensu. Wannan ƙungiya sau 10 tana zama zakaran Togo. Ta fara a 1978, ta maimaita a 1979, sannan ta jera uku daga 1981 zuwa 1983, ta sake jera uku daga 1993 zuwa 1995, sai 1999 da 2014. Nasarar 1983 ce ta ba ta tikitin gasar 1984.

Ya kamata mai karatu ya tuna yadda gasar take a wancan zamani. Babu wasannin rukuni, sai a 1997 aka shigo da su. Zakaran ƙasa da mai riƙe da kofi kaɗai ke shiga, a yi gida da waje, wanda aka fi ya koma gida. Kuskuren yini ɗaya ya isa ya kashe kakar shekara. Ga wahalar tafiya: ɗan wasan Sokode sai ya yi yini a mota kafin ya ga filin jirgin sama na Lome, sannan a fara zancen zuwa wata ƙasa. A haka suka yi ta tsallakewa har suka haɗu da Shooting Stars, ƙungiyar da tun 1976 ta ɗauko wa Najeriya kofin nahiya na farko a matakin kulob, mai 'yan wasa irin su Segun Odegbami da Felix Owolabi. Da na koma majalisa a daren na gaya musu cewa a cikin 'yan wasan Ibadan na lokacin akwai wani saurayi haifaffen Kaduna, da ya taso daga ƙungiyar masaƙar UNTL, sunansa Rashidi Yekini. Mai farin gemun ya tafa hannu ya ce, "Ka ji ko! Ashe da ɗan'uwanmu aka haɗa baki aka ci mu." Aka yi ta dariya. Sai ya tuna mini, cikin ladabi amma da ɗan murmushi, cewa mu ma ba mu sha da daɗi ba. Gaskiyarsa. Zamalek ta ci Shooting Stars 2 da nema a Alkahira, ta biyo ta har Legas ta ƙara mata 1, ta ɗauki kofin karo na farko a tarihinta. Najeriya ba ta taɓa wannan kofi ba sai a 2003, a hannun Enyimba.

Wani abu ya tsaya mini a rai a wannan zama. A 1978, shekarar da Semassi ta fara zama zakara, Raccah Rovers ta Kano ce zakaran Najeriya. Tsararraki ne ke nan. Ta Sokode tana nan da ranta, yaro ɗan shekara goma ya san 1984. Tamu kuwa ta shuɗe, kuma in ka tare matasa a gidan kallon ƙwallo a Fagge ka tambaye su Raccah, da wuya ka samu mai amsawa, alhali za su lissafa maka 'yan benci na Arsenal. Ranchers Bees ta Kaduna ma ta kai wasan ƙarshe na kofin masu kofuna a 1988, wa ke zancenta? Su ma samarin Sokode suna kallon Turai, na gan su da rigunan Madrid da Barcelona. Bambancin shi ne ba su saki na gida ba. Kuma suna da abin nunawa: ƙwallo ɗaya tilo da Togo ta taɓa ci a gasar cin kofin duniya, a ragar Koriya ta Kudu a 2006, Mohamed Kader ne ya ci ta, haifaffen Sokode.

Daga nan na kama hanyar Dapaong. Kafin Bafilo hanya ta fara hawa duwatsu, sai ga wurin da ake kira Aledjo, inda aka tsaga dutse biyu aka ratsa kwalta ta tsakiya. Bango a dama, bango a hagu, sama ta koma 'yar siririya. Ban taɓa ganin irinsa ba, ko a hawan Jos. Muka wuce Kara, muka gangara, muka haye kogin Oti a Mango. Daga nan ƙasa ta buɗe ta zama tamu sak: gero da dawa, kuka da kaɗanya da ɗorawa, zabi na tsallaka titi, amalanken jaki ɗauke da jarkokin ruwa. In aka rufe wa mutum ido aka sauke shi a nan, zai ce tsakanin Katsina da Maraɗi yake. Sojoji sun tsayar da mu a wurare da dama suna duba takardu, saboda fitinar da ke tsallakowa daga Burkina Faso, amma cikin mutunci suka yi aikinsu.

Dapaong garin Moba ne, babban birnin yankin Savanes, sama da kilomita 600 daga Lome. Kasuwarta ta cika da tumatir da albasa da dabbobi, kuma a layin mahauta da masu tsire Hausa ce zalla. Wani mahauci ɗan asalin Sakkwato ya haɗa ni da yaron da ya kai ni duwatsun Nok. Na ɗauka wata alaƙa ce da Nok ta Kaduna, ashe suna ne ya zo ɗaya. Ana sauka ne ta wani tsani na ƙarfe a jikin dutse mai tsananin tsayi, ƙafafuna na rawa. A ƙasa, cikin wata doguwar rumfar dutse, sai ga rumbuna na laka jere, wasu dogaye wasu masu tumbi, har da sawun yatsun maginan a jikinsu. Mutanen da suka gina su nan suke gudowa da hatsinsu in mahara suka taso. Na leƙa cikin ɗaya, bakinsa bai fi a zura kai da kafaɗa ɗaya ba, cikinsa sanyi ƙalau duk da zafin rana.

Ƙungiyar ƙwallon Dapaong sunanta Foadan. Ban sa ran jin zancen kofin Afirka a nan ba, sai ga shi ya biyo ni. Wani tsohon malamin makaranta da muka zauna da shi a gindin bishiya ya ce shekarun nan na tsakiyar 1980 su ne lokacin da ƙwallon Togo ya yi tashe. A 1983 Agaza ta Lome ta kai wasan ƙarshe na kofin masu kofuna, Arab Contractors ta Masar ta doke ta. A 1984 ga Semassi. Ba a jima ba Foadan ta ci kofin ƙalubale na Togo, ita ma ta fita ta wakilci ƙasar. Sai da ya yi mini bayani sau biyu kafin in raba kofunan nan a kaina, na zakarun lig daban, na masu kofin ƙalubale daban. Ya ce ranar da Semassi ke wasa da wata ƙasa, duk arewa 'yan Semassi ne, daga Sokode har Cinkasse a bakin iyaka, ko da kuwa mako mai zuwa za a kara da ita a lig. Na tambaye shi yadda ƙungiya daga nan ke zuwa Lome wasan mako, tafiyar da ta fi ta Kano zuwa Abuja nesa ba kusa ba. Ya ce, "Malam, a mota. A kwana a hanya, a sauka a buga, a juyo."

Daren ƙarshe malamin ya kai ni wani gidan kallon ƙwallo, rumfar kwano da bencina da janareta na ruri a baya, irin namu na kowace unguwa. Na ɗauka Madrid ko Barcelona za a nuna. Getafe ce. Wurin ya cika har ƙofa saboda mutum ɗaya, Djene Dakonam, haifaffen Dapaong, wanda ya bi ta Etoile Filante, ya yi wasa a Coton Sport ta Garwa a Kamaru, ya ƙetara Turai har ya ɗaura ƙyallen kyaftin a gasar Sifaniya da kuma tawagar ƙasarsa. Ɗan baya ne, ba mai cin ƙwallo ba, don haka ba raga suke jira ta motsa ba. Ana cikin wasa wani ɗan gaba ya kwaso ƙwallo a guje ya nufi gida, Djene ya bi shi, ya zame ya ɗauke ta daga ƙafarsa ba tare da ya taɓa shi ba. Rumfar ta ɗauki sowa, aka miƙe tsaye, benci ɗaya ya kife. Wani yaro da ke kusa da ni ya kama hannuna yana girgizawa, yana faɗa mini da Hausa da Faransanci a haɗe cewa ɗan garinsu ne. Mai gidan kallon ya yi ta buga ƙofar kwano yana roƙon a zauna, na baya ba sa gani.